Ƙafar Abba a Kan Birki

Notin ƙarshe ya ƙi kwancewa, sai da na hau kan sifanar da ƙafa ɗaya na sakar mata nauyina, sannan ya yi wata ƙara ya saki. Na ɗaga motar da jak, na zare tayar baya ta dama, na kwantar da ita a ƙarƙashin motar, saboda ko jak ya zame kar ta faɗo min. Ina miƙa kai wajen faifan birki sai warin nan ya bugi hancina. Ƙurar birki ce, da tsohon giris, da ƙarfen da ya sha zafi ya huce. Wanda bai taɓa durƙusawa a gaban tayar mota ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Ni kam nan take na koma 'yar firamare, da takalmin roba a ƙafata, ina jiran Abba ya kira ni.

A waya nake rubuta muku wannan, ku yi haƙuri da ni in na yi sauri. Abin ya faru ne wata Asabar da safe, a wajen ajiye motoci na benen da nake haya a Taman Melati, nan Kuala Lumpur. Gareji yana nan kusa, bayan layin masu abinci, da na kai musu kafin in gama shan shayi sun gama. Da gangan na ƙi kaiwa. Da gangan kuma na ajiye motar daidai saitin tagar ɗakinmu, inda Abba yake wuni a zaune tun da ya daina fita.

Watannin baya ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi a Kano. Ɓarin dama ya taɓa, hannu da ƙafa, harshensa ma ya yi nauyi. Na matsa aka kawo shi nan shi da Umma, tunda a garin nan ya yi shekaru masu yawa, kuma ni ce babba, ni ke da wurin saukar su. Likita ya gaya mana ba ɓoye-ɓoye: waɗannan watannin na farko su ne ƙafar ke iya dawowa in ana motsa ta, in aka bar ta kuma ta sandare shi ke nan. Abba ya je wajen masu motsa jiki na ɗan lokaci. Yarinyar da ke kula da shi mai kirki ce, wallahi ba ta da laifi. Amma ranar da ya ɗaga ƙafar kaɗan ta tafa masa tana cewa "Boleh, Pakcik, boleh!", wato za ka iya, Baba, za ka iya, da irin muryar da ake yi wa yaro mai tatata, na ga fuskarsa ta rufe. Da muka dawo gida ya juya wa bango. Bai sake yarda ya koma ba. Umma ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka. Ƙanina ya kira daga Kano ya yi ta magana shi kaɗai. Kwanaki suna tafiya, ƙafar tana ƙara nauyi muna kallo.

To ku bari in koma baya, don ku san waye mutumin da ke zaune a tagar nan.

Ko makaranta ban fara ba aka kawo mu Kuala Lumpur. Abba ya zo karatun digiri na uku, daga baya ya zauna yana koyarwa. A Pantai Dalam na tashi, cikin dogayen benayen nan da kowace baranda take cike da shanya. Abin da na fi tunawa shi ne safiya. Maƙwabta suna soya barkono da busasshen ƙaramin kifi, yajin ya biyo iska ya shigo mana, mu yi ta atishawa Umma tana rufe taga. Jirgin ƙasa ya wuce ta bayan gidajen, cokula su yi rawa a cikin kofi. Hankaki su taru a kan kwandon shara suna rigima kamar 'yan kasuwa. Sai kuma ruwan sama, wanda a ƙarshen shekara yake zuwa da la'asar kamar an yi alkawari da shi. Shi ya sa duk aikin da Abba zai yi wa mota, daga dawowa sallar asuba yake farawa, don ya riga ruwa.

Shi ba bakanike ba ne. In inji ne, ya kai gareji. In lantarki ne, ya kai. Amma birki a'a. Kakanmu direban babbar mota ne, shekarunsa suka ƙare a kan titi, kuma abin da ya bar wa Abba ke nan: kar ka ɗora iyalinka a kan birkin da ba ka gani da idonka ba. Ban taɓa ganin kakan nan ba, sai dai hotonsa da hula a karkace. Amma duk Asabar ɗin da Abba ya shimfiɗa kwali a gefen mota ya zube sifanu, ji nake kamar tsohon yana tsaye a kanmu.

Akwai wata safiya da ba ta fita a raina. Abba yana tsakiyar rubutun digirinsa a lokacin, hankalinsa rabi a takarda. Ya canza takalman birkin baya, wato 'yan falankan nan biyu da ke matse faifai in an taka birki, ya mayar da tayoyi, ya watsa kayan aiki a but, ya ce in shigo mu je shagon mamak, Indiyawan nan masu shayi, mu sayo wa Umma roti, gurasarsu. Tana da cikin ƙanina, tana tsaye a baranda tana kallon mu. Wajen ajiye motocin gangare ne har bakin get, daga get kuma sai wani ƙaton lambatu da ruwan daren jiya ya cika yana gudu kamar kogi. Muka gangaro. Abba ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa, motar ba ta ko ji ba. Ya ja birkin hannu, ya taso masa sako-sako. Na ji ya ce "Innalillahi," ya shiga takawa yana saki, yana takawa yana saki da sauri. Sai da hancin motar ya leƙa lambatun sannan birkin ya kama.

Ni dariya na yi. Na ɗauka wasa ne, har na ce ya sake. Ya fito ya buɗe ƙofata ya ɗauke ni, ya hau da ni bene a kafaɗarsa alhali na wuce ɗauka. Ina jin bugun ƙirjinsa a cikina. Sai da na girma Umma ta gaya min ranar ko ruwa da ƙyar ya sha.

Abin da ya manta ƙarami ne. In za ka sa sabon takalmi, dole ka mayar da fistin ɗin birki ciki don ya samu wuri. To in ka gama, fistin ɗin yana can nesa da takalmin. Sai ka taka birki a tsaye, ka yi ta takawa har ya dawo ya matse, ka ji shi ya yi tauri, kafin ka motsa motar ko taku ɗaya. Shi ke nan fa. Amma da wannan mantuwar kaɗai sai a rasa mutum.

Daga ranar Abba ya kafa doka biyu. Ta farko, wanda ya ɗaure birki shi kaɗai zai fara gwada shi, ba a ɗaukar kowa. Ta biyu, taka birki aikina ne. Da ya gama ɗaure tayoyi sai ya ɗaga murya: "Mamana! Zo, ba mai taka min." Haka yake kira na, don sunan mahaifiyarsa aka sa min. Ko me nake yi sai in yar in ruga. Ƙafata ba ta kaiwa, sai in zame zuwa bakin kujera, in rungume sitiyari, in danna da ƙafa biyu. Shi kuma yana durƙushe a can baya wajen taya, ba na ganin sa, muryarsa kawai nake ji.

"Taka."

In taka.

"Saki. Yaya kika ji shi?"

In amsa masa da Turanci, kamar duk yaran da suka tashi a nan.

"Da Hausa, Mamana. Motar nan ba ta jin Turanci."

"Laushi, Abba."

Mu yi ta yi har ya ƙi tafiya a ƙarƙashin ƙafata, in kwarma ihu: "Ya yi tauri!" Sai ya ce, "Alhamdulillahi. Sauko." In koma gefen ginshiƙi in tsaya, shi ya zagaya da motar a hankali shi kaɗai, yana takawa yana sauraro, gilashi a sauke.

Matan Hausawan benen, waɗanda mazajensu ke karatu tare da Abba, sukan taru a ɗakinmu ana tankaɗe ana hira. In na shigo da baƙin giris a goshi sai tsiya ta tashi. "Maman wance, wannan 'yar taki gareji za ku buɗe mata?" Umma ko ɗago kai ba ta yi. "Ku ƙyale ta. Ku da ko ƙofar but ba ku iya buɗewa ba sai an kira muku maigida daga aji." A yi ta dariya, wata ta miƙo min ƙosai.

Na daɗe ina ganin aikin nan ba ya yiwuwa sai da mutum biyu. Sai ina jami'a, bayan su Abba sun tattara sun koma Kano sun bar min motar, na ga wani a bidiyo ya canza takalman birki, ya shiga ya taka abinsa shi kaɗai ya tafi. Na kira Abba ina ta mita, na ce ashe duk shekarun nan wayo ya yi min. Ya yi dariya har da tari.

"Na sani mana," in ji shi. "Amma ni zan iya mantawa, ai kin gani. Ke kuwa tunda na ce aikinki ne, ko barci nake sai kin tashe ni."

Wannan mutumin ne na ɗauko daga filin jirgi a keken marasa lafiya, ya yi shiru tun daga can har muka shigo Setapak, yankin da nake zaune. A wata danja na taka birki, motar ta yi wani siririn kuka, ƙiii. Dama ta kwana biyu tana yi ina share ta. Sai na ji daga kujerar baya, da ƙyar, kalma tana jan kalma: "Na... baya." Maganarsa ta farko ke nan a ƙasar nan. Bai tambayi lafiyata ba, bai ce garin ya canza ba. Birkin baya ya ji.

Shi ya sa da komai ya ƙi, na je na sayo takalman, na jawo tsohuwar jakar kayan aikinsa ta gabansa ina barin sifanu suna ƙara, na sauko. Bai kalle ni ba.

Na yi komai yadda na gan shi yana yi. Na tokare tayoyin gaba da katako, na sa motar a giya, sannan na sauke birkin hannu, don in yana sama ba za ka iya zare komai a baya ba. Na buɗe murfin man birki. Na kwance kusoshi biyun da ke riƙe da kalifa, wato ƙarfen da ke rungume da faifan, na zaro ta. Tsoffin takalman sun cinye saura ƙiris, har ɗan ƙarfen gargaɗin ya fara gogar faifai, shi ne kukan da muke ji. Mai gadi ya zo ya tsaya a kaina, ya kalli mayafin da na ɗaure a ƙugu, ya kalli jak, ya ce in dai zan share wurin ba matsala. Zafi ya fara tasowa daga siminti. Ban ɗaga kai na kalli tagar ba. Tsoro nake ji in kalla in ga ba kowa.

Ina cikin haka sai ga Umma da filas ɗin shayi.

"Ya ce kar ki bar abin nan yana reto a jikin tiyo."

Na tsaya. "Da bakinsa ya faɗa?"

"Wane baki? Da hannu ya yi ta nunawa yana buga taga. Na canki jak, na canki taya, na canki ko ruwa yake so, ya harare ni. Ni dai da tsufana na zama tafintar kanikawa."

Na lanƙwasa wayar rataye kaya na ɗaure kalifar a sama, yadda nauyinta ba zai ja tiyon mai ba. Dama zan yi. Amma na yi shi a hankali, na ɗan matsa gefe don na sama ya gani.

Fistin ɗin baya ba irin na gaba ba ne. Na gaba danna shi ake yi ya koma. Na baya kuwa in ka ce ƙarfi za ka nuna masa sai ka lalata shi, saboda birkin hannu a cikinsa yake. Murɗa shi ake yi ana dannawa lokaci ɗaya, kamar murfin kwalba. Na sa filaya mai tsinin baki a ramukansa na yi ta murɗawa, tana zamewa, har na fasa ɗan yatsa. A hankali ya shige. Na daidaita ramin da ɗan ƙullun da ke bayan sabon takalmin, na shafa giris kaɗan a kunnuwansa da bayansa, ban bari ya taɓa fuskar ba. Na mayar, na ɗaure. Na zagaya ɗaya ɓarin na sake daga farko, don ba a canza gefe ɗaya a bar ɗaya. Kafin in sauke motar in matse notuna, hadari ya fara haɗuwa ta wajen duwatsu.

Na hau sama ko hannu ban wanke ba. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakinsa. Ya riga ya juyar da kujerar kamar ba shi ne ke leƙe ba.

"Abba, na gama. Ba mai taka min."

Umma ta buɗe baki, na san abin da za ta ce, ke ba ki da ƙafa ne? Sai ta haɗiye. Abba ya kalle ni, ya kalli ƙafarsa ta dama da ke ajiye a kan dadduma kamar ta aro. Ya san mutum ɗaya ya isa. Ya san na san ya sani. Na tsaya dai ina jira, don in ya juya wa bango wannan karon ban da wata dabarar.

"Mamana."

"Na'am, Abba."

"Wa...yo."

Gefen bakinsa mai lafiyar ya ɗan motsa. Sai ya miƙa hannun hagu ya ce, "Sanda."

Ba zan ce muku saukowar ta yi sauƙi ba. Daga ɗaki zuwa lif, daga lif zuwa mota, tafiyar da nake yi ina danna waya, mun yi ta kamar za mu wani gari. Na zaunar da shi a kujerar direba. Na miƙa hannu zan ɗaga masa ƙafar, ya buge hannuna. Da hannun hagu ya kama wandonsa ya ɗaga ta ya shigar. Daga nan na bar shi. Na koma baya na durƙusa a wajen taya, inda shi yake durƙusawa, inda ba zan ga fuskarsa ba shi ma ba zai ga tawa ba.

"Taka, Abba."

Na zuba wa jar fitilar baya ido, don ita ke kamawa in an taɓa birki. Ba komai. Iska ta taso tana kwasar ganye. Na ji numfashinsa, na ji kujera tana ƙara. Sai fitilar ta yi wal ta mutu. Ta sake kamawa, wannan karon ta tsaya.

Na kalli Umma da ke tsaye a bakin ƙofarsa. Ta toshe bakinta da gefen mayafi. Ta nuna min ƙafarta ta dama ta gyaɗa kai.

"Saki. Yaya ka ji shi?"

"Lau...shi."

"Taka."

Ban ƙirga ba, ban tafa masa ba, ban ce sannu ba. Aiki muke yi. Fitilar tana kamawa tana mutuwa, wani lokacin ta daɗe kafin ta dawo, ni kuma ina jin takalman suna matsowa jikin faifai a hankali. Can sai muryarsa ta fito, a sarari fiye da duk abin da ya faɗa tun zuwansa:

"Tauri."

"Alhamdulillahi," na ce.

Rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. Muka fito da shi. Na shiga na sake takawa da ƙafata, na ja birkin hannu na sauke har ya kama da kyau, na rufe murfin mai, don birki ba a yi masa kara. Yana kallo, ya gyaɗa kai. Umma ta kama ƙofar baya za ta shiga, wai ta ɗana. Ya ɗaga sandar ya tare ta.

"A'a. Ita... kaɗai."

Na zagaya wajen a hankali, gilashi a sauke, ina takawa ina sauraro. Ba kuka, ba ja gefe. Ruwa ya fara sauka manya-manya a kan gilashi. A madubi na hango shi a jikin ginshiƙi, a tsaye, a daidai inda nake tsayawa ina yarinya. Da na dawo na kashe motar, bai tambaye ni yadda birkin yake ba. Ya ji da kunnensa. Abin da ya ce shi ne:

"Litinin... ƙarfe nawa?"

Ya koma wajen masu motsa jikin. Har yanzu yana jan ƙafar, hannun kuma bai ce komai ba tukuna, kuma ban san iya abin da Allah zai dawo masa da shi ba. Wata rana yakan tashi da fushi ya ƙi magana da kowa. Amma yana zuwa.

Ni abin da ya tsaya min shi ne wannan. Tun ranar da ya kwanta, mun karɓe komai daga hannunsa. Kofi, mu riƙe masa. Hula, mu sa masa. Ko tambaya aka yi masa, kafin ya haɗa kalma mun amsa. Duk da sunan ƙauna muka yi, kuma mun ɗauka hidima ce. Mutumin da ya ƙirƙiro wa 'yar ƙaramar yarinya aiki don ta san ana bukatar ta, mun zaunar da shi a taga ba wanda ke neman komai a wajensa. Yanzu komai na garin nan a waya yake, abinci, mota, bakanike, danna kawai za ka yi a zo. Ba ka bukatar kowa, kuma muna kiran wannan sauƙi.

Ku da iyayenku suka fara rauni a hannunku, na san kuna yi musu komai. Amma yaushe rabon da ku tsaya a bakin ƙofarsu ku ce, zo, ba mai yi min sai kai?